Yadda Minna Ta Haɗiye Ƙauyukan Kewayenta, Da Abin Da Mai Sayen Fili Daga Kudu Ya Kamata Ya Sani

Ni haifaffen Limawa ne a cikin garin Minna, amma na haura shekara ashirin ina zaune a Agege, sana'ata fataucin doya. Daga kasuwannin Paiko da Garatu da Beji nake lodi, in sauke a Mile 12. Saboda wannan kai-da-kawo, kusan duk wata sai wani ya tare ni a masallaci ko a rumfa ya ce, "Alhaji, an yi mini tallar fili a Minna, wajen hanyar Bida, wai gari ya kusa isa wurin. In saya?" Amsar ba ta yiwuwa a tsaye a bakin rumfa, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ni ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne da fili ya taɓa ƙona wa hannu, daga nan ya koma yana tambaya yana karantawa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: garin Minna ya daɗe da tsallake iyakar da aka shata masa a takarda. Gidaje sun shiga gonaki, ƙauyuka sun zama unguwanni, alhali iyakar hukuma tana nan inda take. A wannan tazara da ke tsakanin inda gari ya kai da inda takarda ta tsaya ne kuɗin mutane ke salwanta, a nan ne kuma manoma ke rasa gonakin gado.

Me ake nufi da haɗe ƙasa cikin birni?

Idan birni ya cika, hukuma kan faɗaɗa iyakarsa ta shigo da ƙauyuka da gonakin da ke kewaye, su koma ƙarƙashin mulkinsa da harajinsa da dokokin gininsa. A wasu ƙasashe ana yin haka da doka guda, a rana guda. A 1860 gwamnatin Faransa ta shigo da garuruwan da ke gefen birnin Paris cikinsa, gundumominsa suka tashi daga 12 zuwa 20. A 1898 aka haɗe Brooklyn, wadda a lokacin birni ce mai cin gashin kanta, da wasu yankuna cikin birnin New York na Amurka.

Mu ma a nan an taɓa yin makamancin haka. Mu mazauna Agege da Mushin da Ikeja, ƙasar da muke takawa a da ta Jihar Yamma ce. Sai a ranar 27 ga Mayu 1967, da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, aka haɗa ta da tsohon yankin tarayya na Ikko aka samu Jihar Legas. Jihar Neja kuwa ta san abin ta ɓangaren wanda aka yanka wa. A watan Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta keɓe ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 domin sabon babban birnin tarayya, kuma kaso mafi tsoka daga ƙasar Neja ya fito. Har sunan Abuja aka ɗauka, tsohon garin ya koma Suleja.

To Minna ba a taɓa yi mata irin wannan faɗaɗawa ta rana ɗaya ba. Nata ya zo ne a hankali, ta hanyoyi da dama, kuma sai an koma baya kaɗan kafin a gane su.

Daga kan dutse zuwa tashar jirgi

Asalin Minna ƙasar Gbagyi ce, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwarawa. Mazauninsu na farko a kan duwatsun da ke saman garin yake, wajen Paida. A bakin dattawa, sunan garin ya samo asali ne daga wata al'adarsu ta shekara-shekara, inda ake kashe wuta a kowane gida sannan a kunna sabuwa a rarraba.

Jirgin ƙasa ne ya sauko da gari ƙasa. Turawa sun shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratsa ta Minna ya isa Kano a 1911. Ba da jimawa ba layin da ya taso daga Ikko ta Jebba ya zo ya haɗu da shi a nan, Minna ta zama mahaɗa. Leburori da 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe suka yi ta sauka: Hausawa, Nufawa, Yarbawa, Ibo da sauransu. Unguwanni irin su Limawa da Kwangila da Makera da Sabon Gari duk a kusa da tasha da kasuwa suka tsiro. A cikin shekarun 1920 aka mai da Minna hedikwatar Lardin Neja, bayan Zungeru ta rasa matsayinta na babban birnin Arewa, wanda ya koma Kaduna.

Ka ga ke nan tun farkon fari garin a kan gonakin Gbagyi ya zauna. Sunan unguwar Ƙetaren Gwari kaɗai ya isa shaida, haka ma Dutsen Kura da ake raba ta gida biyu, ta Hausa da ta Gwari. Mu da ke zaune a Sabo ta Ibadan ko Agege mun san wannan labari, don irinsa ne namu: baƙi sun sauka a gefen dogo da kasuwa, masu ƙasa suka ba su wuri, gari ya girma ya zagaye kowa.

1976 da tsarin Max Lock

A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma, aka ce Minna ce babban birni, Murtala Nyako ya zama gwamnan farko. Garin da bai wuce hedikwatar lardi ba sai ga shi ana neman sakatariya da gidajen ma'aikata da asibitoci da makarantu a cikinsa. Gwamnati ta ɗauko kamfanin Max Lock, Baturen Ingila da ya tsara Kaduna a 1967, ya zana wa Minna babban tsarin gari na shekarun 1979 zuwa 2000.

Babban tsarin gari taswira ce da bayani, mai nuna inda za a yi gidaje, inda hanya za ta bi, inda za a bar wa kasuwa da makaranta da masana'antu, da inda ba za a yi gini ba sam, kamar bakin rafi da gangaren dutse. Yanayin ƙasar Minna ya takura masu zanen. Duwatsu sun tare gabas da arewa maso gabas, layin dogo ya raba gari, rafuka sun ratsa shi. Shi ya sa garin ya miƙe kamar igiya a kan babban titi guda, daga Chanchaga a hanyar Paiko da Suleja, ya bi ta Tunga da Mobil, ya wuce Bosso har Maikunkele a hanyar Zungeru. Daga baya aka yi hanyoyin kewaye na yamma da na gabas, su kuma suka buɗe sababbin wurare.

Wa'adin wancan tsari ya cika tun 2000, gini kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Yawancin unguwannin da ake yi mana tallarsu yau, a wancan lokaci gonaki ne da ƙauyuka masu rumbuna.

Gari ɗaya, ƙananan hukumomi biyu

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A tsarin mulkin Najeriya babu wata hukuma guda mai suna hukumar birnin Minna da ke mulkin duk inda gidaje suka kai. Tsakiyar gari tana cikin Ƙaramar Hukumar Chanchaga, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 72 ba, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 201 da 'yan kai. Ƙaramar Hukumar Bosso, mai hedikwata a Maikunkele, ita ce ta kewaye ta, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 1,600, mutanenta a waccan ƙidaya dubu 147 da ɗoriya. Wato ƙaramar ita ce mai cunkoso, babbar ita ce mai fili. Duk faɗaɗar da gari zai yi, cikin Bosso zai yi ta.

Maitumbi a Bosso take. Gidan Kwano a Bosso take. Filin jirgin sama a Bosso yake. Abin dariya ma, unguwar da ake kira Chanchaga ita kanta mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Bosso, ba a Ƙaramar Hukumar Chanchaga ba. Na taɓa ganin mutum ya rantse da Allah cewa ƙarya nake, sai da ya duba katin zaɓen ƙaninsa da ke zaune can.

Wani zai ce, to me ya hana a matsa iyakar kawai? Kundin tsarin mulki na 1999 ne ya sa abin ya yi wuya. Sunayen ƙananan hukumomi 774 a rubuce suke a cikinsa, 25 daga ciki na Neja ne. Sashe na 8 ya ce gyaran iyaka sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin da abin ya shafa, a majalisar jiha da majalisar ƙaramar hukuma, sannan majalisar jiha ta amince. Ƙirƙiro sabuwa kuwa sai an yi ƙuri'ar raba gardama, kuma sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunan. Mu na Legas mun tuna rigimar 2004, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar saboda sababbi 37 da aka ƙirƙiro. Neja tana cikin jihohin da aka yi wa wannan gargaɗi a lokacin. Ban da wahalar doka, wane shugaban ƙaramar hukuma ne zai yarda a yanke masa unguwa mai kasuwa da masu jefa ƙuri'a?

Saboda haka jihohi suka koma bin wata hanya: a bar iyaka yadda take, a kafa hukumar tsara gari da ikonta ya ratsa ƙananan hukumomi da yawa. Haka Kano ke yi da ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewaye. Haka Jihar Ribas ta yi a 2009 da ta kafa hukumar raya babban Fatakwal. A Neja akwai hukumar raya birane ta jiha, mai ba da izinin gini, da hukumar NIGIS, mai ajiye taswira da bayanan filaye a kwamfuta, da kuma ma'aikatar ƙasa da safiyo.

Dokar ƙasa ta 1978, makamin da ake faɗaɗa gari da shi

A gaskiya abin da ke shigo da ƙauye cikin birni a Najeriya shi ne Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa a ranar 29 ga Maris 1978, aka kuma cusa ta cikin kundin tsarin mulki don kada a sauya ta cikin sauƙi. A Arewa ba baƙuwa ba ce sosai, domin tun dokar Turawa ta 1910 da dokar Jihar Arewa ta 1962 ƙasa tana hannun hukuma. Ga sassan da suka shafe mu kai tsaye.

Sashe na 1 ya danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Kai da ni abin da muke da shi haƙƙin zama ne da amfani.

Sashe na 3 ya ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni ta hanyar sanarwa a jaridar gwamnati. Wannan shi ne haɗewar tamu. Da zarar an ayyana, ƙauyen yana nan a ƙaramar hukumarsa, dagacinsa yana nan, amma ikon rabon ƙasarsa ya koma hannun gwamna.

Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar haƙƙin gargajiya, amma a wajen yankin birni kaɗai. Don haka takardar ƙaramar hukuma da aka bayar a kan filin da ya riga ya shiga yankin birni ba ta da ƙarfin da mai ita yake zato.

Sashe na 22 da na 26 sun ce sayarwa ko jinginar da filin da ke da takardar gwamna sai da amincewar gwamna, in babu ita cinikin bai inganta ba a gaban doka.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, bayan an ba mai shi sanarwa. Sashe na 29 kuma ya fayyace diyya: ana biyan gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani da sauran abin da aka aza a kan ƙasa. Ƙasar ita kanta, tsurarta, ba a biyan kuɗinta.

Sashe na 36, wanda ya bar wa manoman karkara gonakinsu su ci gaba da noma, shi ne kuma ya hana a yanka irin waɗannan gonaki fuloti-fuloti a sayar. A aikace kowa ya san ana yi kullum. Amma ranar da rigima ta tashi, abin da ke rubuce shi alƙali zai duba.

Hanyoyin da garin ya bi ya ci ƙasa

Ta farko ita ce manyan ma'aikatu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, ta fara ne a Bosso, sannan aka ba ta ƙasa fiye da hekta dubu 10 a Gidan Kwano, a hanyar Bida, domin mazauninta na dindindin. Da ɗalibai suka koma can, sai ƙauyen ya cika da gidajen haya da shaguna, gonakin da ke bakin titi suka zama kuɗi. A wannan hanya ce kuma hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO take, wadda aka kafa a 1999 zamanin Janar Abdulsalami Abubakar. Filin jirgin sama ya ja gari zuwa Maikunkele. Kwalejin Ilimi da barikin soja da matatar ruwa sun ja shi ta ɓangaren Chanchaga. Duk inda aka dasa babbar ma'aikata nesa da gari, tazarar da ke tsakani ba ta daɗewa sai ta cike.

Ta biyu ita ce shimfiɗar gwamnati: a karɓi ƙasa, a biya diyya, safiyo ya auna, a fitar da tituna, a dasa duwatsun iyaka masu lamba, a raba fuloti. Haka aka samu irin su F-Layout da rukunin gidaje na Bosso da na Tunga, daga baya kuma rukunin gidajen M.I. Wushishi da na Talba. Waɗannan su ne filayen da suka fi kwanciyar hankali, su ne kuma suka fi tsada da wuyar samu.

Ta uku, wadda ta fi kowacce cin ƙasa, ita ce awon igiya. Iyalin da ke da gona a bakin gari su ga gini ya matso, su kira dillali, a ja igiya, a yanka ƙafa 50 da 100, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu. Galibi ba a barin hanya mai faɗi, ba a barin magudanar ruwa, ba a ware wurin makaranta ko maƙabarta. Wanda ya shiga lungunan Kpakungu ko Barkin Sale ko Soje da damina ya san abin da nake faɗa. Su ma a jiya bakin gari ne. Yanzu irin wannan yanka ya miƙa ta Gbeganu da Nyikangbe da Gidan Mangoro, da bayan Maitumbi a hanyar Gwada, da wajen Tudun Fulani da Rafin Yashi.

Minna ta riga ta ɗanɗana kuɗar gini a hanyar ruwa. Manyan magudanan siminti da ke ratsa gari an gina su ne bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a tsakiyar shekarun 1980. Sababbin unguwannin bakin gari ba su da irinsu.

Ɓangaren masu gona

A matsayina na mai sayen doya, ba zan rubuta wannan in tsallake mutanen da nake cin abinci ta dalilinsu ba. Doya tana son ƙasa mai hutu. Manomin Gbagyi ya saba ya noma wuri, ya bar shi ya huta, ya koma wani. Wanda ya zo daga gari ya ga saura, sai ya ce ai daji ne ba kowa. To idan gwamnati ta karɓi irin wannan wuri, diyyar ba ta wuce ta 'yan itatuwan kaɗanya da ɗorawa da mangwaro ba, tunda doka ba ta biyan tsurar ƙasa.

Wannan ne ke sa mai gona gaggawar sayarwa. Wani dattijo da na daɗe ina sayen doya a hannunsa ya ce da ni, "Alhaji, in na jira a zo a karɓa, kuɗin bishiya za a ba ni. Gara in sayar in aurar da 'ya'yana." Ban ga laifinsa ba. Sai dai bayan shekara biyar kuɗin sun ƙare, 'ya'yansa maza biyu suna acaɓa a cikin gari, shi kuma yana hayar gona a nesa, a daidai lokacin da matsalar tsaro ta sa manoman wajen Shiroro da Munya da Rafi ke gudowa gefen Minna neman mafaka. Gona ta ragu, masu nemanta sun ƙaru. Mu ma a Mile 12 muna jin abin a farashin kowace ƙwarya ta doya.

Yadda na ƙone

Wasu shekaru da suka wuce na tara 'yan kuɗi na aika gida aka saya mini fuloti biyu a bayan gari ta hanyar wani dillali. Ban je na gani ba sai a hoton waya. Takardar ciniki ta zo da sa hannun shaidu huɗu, na sa a akwati na kwanta da daɗi. Da na tashi yin katanga, magini ya kira ni ya ce an dasa duwatsu masu lamba a tsakiyar wurin. Da na bincika sai na tarar fuloti ɗaya gaba ɗayansa yana kan hanyar da aka zana tun kafin in saya. Ɗayan kuma wani ɗan gidan ya riga ya sayar wa wani, kafin yayansa ya sayar mini. Muka yi ta zama a gaban manya kusan shekara biyu. A ƙarshe aka ba ni wani wuri can ciki, rabin abin da na biya. Na kan hanya kuwa ya tafi, ko sisi ban samu ba, don ban aza komai a kai ba balle a yi maganar diyya.

Ba wanda na ɗora wa laifi sama da kaina. Ni da na san halin 'yan omo onile a Legas, ban taɓa sayen ko rumfa a nan ba sai na bincika, amma da aka ce gida ne sai na saki jiki.

Abin da za ka duba kafin ka tura kuɗi

Na ɗaya, ka je da ƙafarka, ko ka aika wanda ba shi da ko kwabo a cinikin. In da hali ka je da damina, ka ga inda ruwa ke bi.

Na biyu, ka san ƙaramar hukumar da filin yake, Chanchaga ko Bosso ko ma Paikoro, da gundumar hakimi da dagacin da ke da wurin. Kada ka dogara da sunan da dillali ya laƙaba wa unguwa.

Na uku, ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko lambobin wurin, a kai ofishin NIGIS ko ma'aikatar ƙasa a duba: shin yana cikin yankin da aka ayyana birni? Gwamnati ta taɓa karɓarsa? Yana cikin ƙasar jami'a ko ta soja ko ta filin jirgi? Akwai wanda aka riga aka ba takarda a kai? Kuɗin wannan bincike bai kai kuɗin tifa ɗaya ta yashi da 'yan buhunan siminti ba.

Na huɗu, ka tambayi hukumar raya birane ko akwai hanya ko magudana da aka zana ta wurin, da tazarar da ake bari daga babban titi da layin dogo da bakin rafi da manyan wayoyin lantarki. Wayoyin da suka taso daga madatsar Shiroro suna ratsa gefen gari, ƙarƙashinsu ba wurin gini ba ne ko da an ba ka kyauta.

Na biyar, idan gonar gado ce, ka tabbata shugaban gidan da manyan magada duk sun sa hannu, a gaban mai unguwa da dagaci. Sa hannun mutum ɗaya shi ne ya cuce ni.

Na shida, idan filin yana da takardar C of O, ka duba sunan da ke kai, ka tabbatar da ita a ofis, sannan a nemi amincewar gwamna a mayar da ita sunanka. In babu, ka fara neman taka da wuri. Kafin ka aza bulo kuma ka karɓi izinin gini, don kada wata rana ka zo ka tarar da jan fenti a bango.

Na bakwai, ka rubuta wa iyalinka inda filin yake da inda takardu suke. Da yawa daga cikinmu mutuwa na riskarmu a nan Kudu, marayu su tashi ba su san ubansu ya bar komai a gida ba.

Abin da ya rage ga hukuma da mu

Minna za ta ci gaba da faɗaɗa, ko an shirya ko ba a shirya ba. Jihar Neja ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya, ga ta kuma a maƙwabtaka da Abuja, ga ayyukan tituna da gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta buɗe a cikin gari tun bayan hawanta a 2023. Kowane sabon titi zai haifi sababbin unguwanni a gefensa.

A nawa ɗan sanin, abu mafi araha da hukuma za ta yi shi ne ta riga magina isa wurin. A fitar da taswira guda ta Minna da kewayenta wadda ta haɗa Chanchaga da Bosso, a manna ta inda kowa zai gani, a sa ta a intanet yadda mu na nesa za mu duba a waya. A shata manyan tituna da magudanai tun wurin yana gona, a dasa alama. A zauna da masarautar Minna da hakimai da dagatai da masu gonaki, a yi musu shimfiɗa ta hukuma, gwamnati ta ɗauki na hanya da makaranta da asibiti, su kuma a mayar musu da kasonsu na fuloti da takarda. Wanda ya san zai samu rabonsa ba zai yi gaggawar kiran mai igiya ba. A kuma keɓe wasu fadamu da gonaki a ce nan ba a gini, don gari ba ya rayuwa da bulo kaɗai.

Mu kuma ƙungiyoyinmu na 'yan Neja da ke Legas da Ibadan da Fatakwal da Anacha za su iya sauƙaƙa wa mutane. Maimakon kowa ya bi dillalinsa shi kaɗai, a haɗa kuɗi a riƙe safiyo ɗaya da lauya ɗaya a Minna, duk ɗan ƙungiyar da zai sayi fili a bi ta hannunsu. Na kawo wannan shawara a taronmu na Agege, kuma zan sake kawo ta bayan Sallah.

Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu ma'aikatan safiyo da lauyoyi, ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa guminmu ya amfane mu da 'ya'yanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.